Goyo Ko Ja: Yadda Muka Zaɓi Gidan Tsufanmu A Kan Taya

Safiyar Asabar, 5 ga Nuwamba 2022, ba mu yi nisa da Indianapolis ba na karkata na shiga wata tashar manyan motoci, na hau sikeli. Shekara 24 na yi ina hawa irin wannan sikeli da tirelar kamfani, amma ban taɓa jiran takardar awo gabana na faɗuwa ba sai ran nan. Da can lodin mutane nake ɗauka. Wannan karon abin da ke bayana gadonmu ne, da tukwanen Hajiya, da buhun shinkafa, da kuka da daddawar da aka kawo mana daga Kano, da maganinmu na wata uku.

Takarda ta fito, mun zarce ƙa'ida da kilo 70.

Kowace akori-kura a Amurka tana da wata 'yar takarda manne a bakin ƙofar direba, an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka, har da na mutanen da ke zaune a ciki. Tawa Ford F-350 ce mai shan dizal, laba 3,900 aka rubuta mata, wato wajen kilo 1,770. Na koma gefe na buɗe tankin ruwa na zubar da rabinsa. Hajiya tana tsaye tana kallon ruwan yana malala a kwalta, ta ce, "Alhaji, tun ba mu je ko'ina ba an fara zubar da ruwan alwala?"

Ya kamata in faɗi abin da ya fito da mu. Na zo ƙasar nan a 1991, na yi tuƙin tasi a Niyu Yok, daga baya na koma tirela, muka tare a jihar Indiyana. Yara uku Allah ya ba mu, kuma duk sun watse: babbar tana aure a Houston, namijin yana Minneapolis, autar tana can yamma wajen Seattle. Gida mai ɗaki huɗu ya rage daga ni sai Hajiya, ga harajinsa duk shekara, ga kwasar ƙanƙara duk hunturu da bayan da ya riga ya gaji. 'Yan'uwa a Kano sun yi ta cewa mu dawo gida mu huta, kuma ba ƙarya suka yi ba, zuciya tana can. Amma inshorar lafiyar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, wadda mutum ke shiga yana ɗan shekara 65, ba ta bin ka zuwa wata ƙasa, Hajiya kuwa tana da ciwon gwiwa ni ina da hawan jini. Ga jikoki bakwai. Zaman gidan suruki kuma kwana uku ne da daɗi, bayan nan sai nauyi da kunya. Shi ya sa muka fara tunanin abin da dubban tsofaffin ƙasar nan suke yi: a sayar da gida, a sayi wanda ke tafiya, a yi bazara kusa da wannan ɗa, hunturu kusa da wancan, kowa da ƙofarsa.

Da na gaya wa ƙanina a waya sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, a mota za ku riƙa kwana? Ko wani abu ne ya faru?" Na gane damuwarsa. A wurinmu wanda ke kwana a mota ko yaron mota ne ko wanda duniya ta juya wa baya. Sai da na aika masa hotuna kafin hankalinsa ya kwanta.

Tunda muna da akori-kura, zaɓin ya tsaya kan iri biyu. Na farko ɗaki ne guda da ake ɗorawa cikin bodin motar, yana da ƙafafu huɗu da ke sauka ƙasa idan za a sauke shi, gadon kuma ya miƙo ya hau saman kan direba. Hajiya ce ta raɗa masa suna ɗakin goyo, wani lokaci ta ce kunkuru. Na biyun tirela ce sosai, gida guda a kan taya, tsawonta daga ƙafa 25 har zuwa 45. Gabanta ya ɗaga kamar wuyan raƙumi ya leƙa cikin bodin, a ƙarƙashinsa akwai wani gajeren ƙarfe mai kauri da ke shiga cikin faranti da aka kafe daidai saman tayoyin baya. Turawa suna kiranta "taya ta biyar", suna ne da aka gada daga zamanin keken doki, lokacin da wani zoben ƙarfe kwance a saman tayoyin gaba shi ke ba keken damar juyawa. Irin mahaɗin nan ne tsakanin kan tirela da bodinta, don haka ni ba baƙona ba ne. Ita muka kira gidan ja.

A watan Agusta mun je Elkhart, tafiyar awa uku arewa da mu, inda ake ƙera mafi yawan irin waɗannan gidaje a Amurka. Akwai gidan tarihinsu a can, har da wata tirela ta 1913. Abin da ya fi tsaya mini shi ne mutanen Amish da muka riƙa wucewa wajen Middlebury da Shipshewana a kan kekunan dokinsu, mutanen da ba sa tuƙa mota, amma da yawansu su ne ma'aikatan waɗannan masana'antu. A wani filin dillalai wani saurayi ya leƙa motata ya ce za ta ja duk abin da ke filin. Ban yi masa musu ba, amma na san ja daban, ɗauka daban. Gidan ja yana ɗora kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa a gadon bayan motar. Wanda Hajiya ta so, mai ƙafa 40 da ɗakuna huɗu masu turowa waje in an danna maɓalli, zai kai laba 16,000 da kaya, kenan 3,200 a bayan motata tun ba a lissafa farantin ba, balle ni da ita. Wani abin da ya ba ni mamaki, ɗakin goyo mai kyau kuɗinsa yana kamo na gidan ja matsakaici, duk da a girma ko rabinsa bai kai ba.

Mun dawo ba mu daidaita ba. Ni goyo nake so, ita ja. Sai Allah ya kawo wani tsohon abokin aikina ɗan Kentaki, wanda aka yi wa aiki a ƙugu aka hana shi tuƙi, ya ce mu ɗauki nasa ɗakin goyon mu yi hunturu da shi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kwana huɗun farko na goyo ne, ba tantama. Muka bi ta St. Louis, muka gangara Tulsa da Oklahoma City, muka hau babbar hanya mai lamba 40 zuwa Amarillo. Duk gidan man da na ga dama ina shiga. Duk inda akori-kura za ta tsaya nan gidanmu yake tsayawa, Hajiya ta zagaya baya ta dafa shayi. Mutumin da ya shekara 24 yana lissafin inda zai juya ƙafa 70 na mota shi ya san daɗin wannan. Dizal ya haura dala 5 galan a lokacin, muna samun mil 12 zuwa 13 a galan. Abin da kawai bai yi mini ba iska ce. A filin Tekzas babu bishiya babu tudu, iska tana bugun ɗakin daga gefe, motar tana rangaji saboda nauyin yana sama. Na rage gudu zuwa mil 58 na riƙe sitiyari da hannu biyu har muka shiga Niyu Meziko.

Abiquiu muka nufa, wani ƙauye arewa da Santa Fe a bakin kogin Chama. Na daɗe ina jin labarin masallacin Dar al-Islam da ke kan tudu a wurin, wanda magini ɗan Masar Hassan Fathy ya tsara, ya zo da kansa a 1980 tare da magina 'yan Nuba suka nuna wa mutane yadda ake ɗaga ƙubba da tubalin laka. Da muka hango shi, jar ƙasa a kan jar ƙasa, Hajiya ta dafa ƙirji ta ce kamar an ɗauko wani soro daga cikin birni an ajiye. Mun yi niyyar kwana biyu, muka yi shida, a wani sansani kusa da tafkin garin. Katin tsofaffi da gwamnatin tarayya ke sayar wa ɗan shekara 62 zuwa sama, dala 80 har ƙarshen rayuwa, shi ya sa muke shiga gandun ƙasa kyauta, a sansanoninta da yawa kuma rabin kuɗi muke biya.

A nan ɗakin goyo ya fara nuna mana halinsa. Wurin ya haura ƙafa 6,000 bisa teku, da asuba ruwan da aka bari a buta a waje yakan daskare. Azahar da La'asar ba matsala, mu shimfiɗa darduma a ƙasa. Asuba fa? A ciki, tsakanin kicin da teburin cin abinci, wata 'yar hanya ce da faɗinta bai fi ƙafa biyu ba, tsawonta kuwa mutum ɗaya ne zai yi sujada a ciki, gwiwar hannunsa na gugar kabad. Alƙibla a wannan yanki arewa maso gabas take, sai na koyi ajiye hancin motar ya dube ta tun da yamma, don hanyar ta miƙe daidai. Duk da haka ba ma iya jam'i. In yi tawa in hau gado, ita ta sauko ta yi tata. Shekara 38 muna sallar Asuba tare, ina gaba tana bayana, ko lokacin da nake tuƙi duk ranar da na kwana gida haka muke yi. Ba ta ce komai ba, amma na ga yadda take naɗe dardumar.

Sai gadon. Hawa ake yi, a taka benci a ɗaga ƙafa a ja jiki, rufin kuma yana kusa da kai, ba a zama a miƙe sosai. Tsoho yakan tashi sau biyu ko uku cikin dare. Kowace saukowa ina jin ƙarar da take dannewa saboda gwiwar. Banɗakin kuma shi ne wurin wanka, masai da famfo a akwati guda, in ka yi wanka komai ya jiƙe.

Amma kada in zalunci kunkurun nan, don shi ya kai ni wurin da ban taɓa ganin irinsa ba. Daga Abiquiu muka bi ta Farmington da Shiprock muka shiga kudancin Yuta, tsakanin Bluff da Mexican Hat, inda wata hanyar burji mai mil 17 ta ratsa kwarin da suke kira Valley of the Gods. Ƙasar gwamnati ce, a ƙarƙashin hukumar kula da filaye ta tarayya, kowa yana iya sauka kyauta har kwana 14. Hanyar tana faɗawa cikin busassun ƙoramu ta haura, ga kwana masu tsini. Doguwar tirela in ta shiga nan gindinta zai daki ƙasa. Mu kuwa muka lallaɓa muka wuce, muka tsaya a gindin wani dogon jan dutse da ke tsaye shi kaɗai kamar hasumiya. Ba fitila ko ɗaya har iyakar gani. Da dare na fito na zauna a matakala na lulluɓa da bargo, taurari sun sauko har bakin ƙasa. Rabona da irin wannan sama tun ina yaro a ƙauyen kakata, muna kwana a tsakar gida lokacin zafi. Na yi ta tasbihi ban san hawaye na zuba ba. A daren na ce a raina magana ta ƙare, goyo za mu saya.

Kwana uku muka yi ƙarancin ruwa ya kore mu. Tankin galan 40 ne, wajen lita 150, kuma ba ma cika shi saboda nauyi. Turawan da ke rubuta cewa ruwan nan yana kai su mako biyu ba sa alwala sau biyar, ba sa tsarki da buta. Tankin masai ma ƙarami ne, ya kusa cika. Na so in yi mako a wurin. Dole muka tattara.

A gandun Zion goyo ya sake cin maki. Hanyar gabas tana ratsa wani rami da aka fasa cikin dutse aka gama a 1930, tsawonsa mil ɗaya da ɗan ɗori. A lokacin duk motar da faɗinta ya kai ƙafa 7 da inci 10, ko tsayinta ƙafa 11 da inci 4, sai ta biya dala 15 a tsayar da masu zuwa daga gaba, ta bi tsakiyar hanya. Muka biya muka wuce. Abin da ya haura ƙafa 13 da inci 1 a tsayi, ko mota da tirela da suka haura ƙafa 50 a haɗe, ba sa shiga sam. A ƙofar mun ga wani dattijo da ƙatuwar gidan ja an ce ya juya, sai ya zagaya ta Kanab da Fredonia ya ɓullo ta Hurricane. Na ji tausayinsa, don na san abin da ake ji in ana juya doguwar mota mutane suna jira a baya. Nan ma kwana biyu muka ce, muka yi biyar.

Ƙarshen Nuwamba muka isa Quartzsite a Arizona, mahaɗar hanya mai lamba 10 da mai lamba 95. Ƙaramin gari ne, mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma da hunturu sai hamadar da ke kewaye ta cika da fararen gidaje masu taya har iyakar ido, tsofaffi daga jihohin sanyi da Kanada. A filin La Posa mun biya dala 180, takardar da ke ba mutum izinin zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, da wurin ɗibar ruwa da wurin zubar da na masai. Babu lantarki, kowa da solarsa.

A maƙabartar garin akwai wani kabari da aka gina wa ɗan dala na duwatsu, da siffar raƙumi a samansa. Na Hajji Ali ne, wanda Turawa suka kasa faɗin sunansa suka mayar da shi Hi Jolly. Daga ƙasashen daular Usmaniyya aka kawo shi a tsakiyar shekarun 1850, lokacin da sojan Amurka suka sayo raƙuma don gwada su a hamadar nan. Yaƙin basasa ya kashe shirin, raƙuman suka watse, shi kuma ya zauna har ya rasu a garin a 1902. Muka tsaya muka yi masa addu'a. Hajiya ta daɗe tana kallon raƙumin, ta ce, "Bawan Allah, ya zo aikin ɗan lokaci ƙasa ta riƙe shi." Ba wanda ya ƙara magana har muka koma mota.

Mako takwas muka yi a La Posa, kuma a nan na ga ɗaya fuskar goyo. Gidanka shi ne motarka. In za ka sayo burodi sai an kwashe kofuna, an kulle kabad, an naɗe rumfa, an sauko daga katakan da aka daidaita taya da su. Ana iya sauke ɗakin a kan ƙafafunsa, na yi sau biyu, amma mayar da shi aiki ne na natsuwa, ka shigo da baya tsakanin ƙafafu huɗu da tazarar 'yan inci, iskar hamada na kaɗa shi. Naman halal da sallar Juma'a sai Phoenix, mil 125 ko fiye, awa biyu. Sau huɗu muka je, duk da gidan a bayanmu, kuma wurin ƙanƙarar firjin bai ɗaukar abin da ya wuce kilo biyar. Ranar da Hajiya ta tuƙa tuwo, muciya na dukan bango, tururi ya cika ɗakin, ƙararrawar hayaƙi ta ɗauka. Ƙanshin daddawa kuwa kwana uku yana cikin bargo, don gadon taku biyu ne daga murhu.

Maƙwabtanmu mata da miji ne daga Montana, shekararsu tara a gidan ja. Suka gayyace mu shayi. Hajiya ta taka matakala uku ta shiga, na ga ta tsaya a tsakiyar falon tana auna ƙasa da ido. Na san abin da take aunawa: darduma biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, har da sauran wuri. Gado a ƙasa ake hawansa kamar na gida. Mijin ya nuna mini yadda suke yi, tirela tana zaune inda take, shi yana zuwa da akori-kura ya ɗebo ruwa a wata babbar salka ta roba, na masai kuma ya ja shi a ƙaramin tanki mai taya. Bai ɓoye mini wahalar ba. Rufi sai an hau an duba shi sau biyu a shekara, don ɗigon ruwa shi ke kashe waɗannan gidaje, bango ya ruɓe daga ciki ba ka sani ba. Taya ta taɓa fashe musu ta yaga gefen tirelar. Tsofaffin sansanonin gwamnati da yawa an yi su ne tun gidajen ba su yi wannan girma ba, dogo ba ya samun wuri. Wasu sansanonin 'yan kasuwa kuma ba sa son abin da ya haura shekara 10. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wadda ta fi girgiza mu wata tsohuwa ce da ke can gefe ita kaɗai a ƙaramin ɗakin goyo. Ta ce da gidan ja suke da shi mai ƙafa 38, shekara 11, kullum mijin ke tuƙi. Ya faɗi a wani sansani, kwana biyu ya cika. Ta tsinci kanta da gida da mota, ba ta san yadda ake haɗa su ba, sai da baƙi suka ja mata. Ta sayar da asara. Ta kama hannun Hajiya ta ce kada ta yarda ta zauna cikin abin da ba za ta iya motsa shi da kanta ba.

Daren 23 ga Janairu, ana tsakiyar babbar kasuwar gidajen tafiya da ake ci a garin duk shekara, muka dawo da ƙafafu a gajiye da takardun talla cike da jaka. Bayan Isha'i Hajiya ta ɗauko ɗan littafin da take rubuta kashe-kashen kuɗi. Ashe tun daga Indiyana tana sa alama a kowace rana, ko mun yi ƙasaru ko mun cika. A karatun da muka taso da shi na Malikiyya, matafiyi yana ƙasaru in tafiyar ta kai mil 48, amma da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa.

Ta ce, "Alhaji, yau kwananmu 80. Ka san nawa muka yi ƙasaru?"

Na ce ban ƙirga ba.

"17. Har da zuwa Phoenix. Sauran 63 cikawa muka yi. Kai kana ganin mu matafiya ne saboda ka shekara kana tafiya. Ni kuwa na duba, duk inda muka sami wuri mai daɗi zama muke yi. Abiquiu ka ce biyu muka yi shida. Kwarin nan da ka yi kuka, ba don ruwa ba da mako za ka yi. To don me za mu sayi gidan kwana 17 mu takura a kwana 63?"

Na karɓi littafin na bi alamomin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ba inda ta yi kuskure. Dillalai sun yi ta tambayata nawa motata ke ja, nawa ne a aljihuna, ba wanda ya tambaye ni sau nawa nake tashi. Ni kaina ban tambayi kaina ba. Abin da nake so a goyo gaskiya ne, kuma har yau ina cewa mutum ɗaya, ko ma'aurata masu lafiyar gwiwa da ba sa kwana uku a wuri, kada su saurari kowa, su ɗauki goyo. Amma mu gidan da za mu tsufa a ciki muke nema, wanda zai karɓe mu muna da shekara 67 ya kuma karɓe mu in Allah ya kai mu 77, ranar da ɗayanmu zai kwana biyar a kwance da mura ɗayan yana buƙatar wurin zama.

Na ce na yarda, amma da sharaɗi: ba zai wuce ƙafa 30 ba, don in haɗe da motar mu tsaya ƙasa da 50, nauyinsa kuma ya bar mana sarari a takardar bakin ƙofa. Ta ce ita ma tana da nata sharaɗin. "Ba za a sa hannu a takarda ba sai ka yi mini alkawarin za ka koya mini. Haɗawa, ja, da baya. In ka riga ni, ba na so in tsaya ina jiran baƙi." Na ce, "Allah ya sa mu daɗe tare, Hajiya." Ta ce, "Amin. Amma ka yi alkawarin."

Mun mayar wa mai goyo da kayansa a Fabrairu, da tukuicin kilishi da hula. Bayan ƙaramar Sallah muka sami gidan ja na hannu, ɗan shekara huɗu, ƙafa 30, a wajen wasu tsofaffi da suka gaji da hanya. Na hau rufin da kaina, na bi bango ina dannawa da tafin hannu ina neman inda ya yi laushi, na karanta shekarar tayoyin na canza su duka huɗu. A sikeli laba 2,150 ya ɗora wa motar. Adireshinmu muka mayar Livingston a Tekzas, inda ƙungiyar Escapees ke karɓar wa irinmu wasiƙu tana tura musu duk inda suke. Jihar ba ta karɓar harajin kuɗin shiga, kuma tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce zuwa gidan babbar 'yarmu. Kwarin jan dutse ban haƙura da shi ba. Na sayi tanti, in mun je sai mu ajiye tirela a Bluff mu shiga da akori-kura mu kwana biyu. Na san ba daidai yake da wancan daren ba, kuma ina jin rashin.

Darasin mun fara shi a watan Mayu, a filin ajiye motoci na wata kasuwa da ta mutu, da sassafe kafin mutane su fito. Na jera jarkokin ruwa shida na yi mata layi. Na ce ta sa hannu a ƙasan sitiyari, duk inda take so gindin tirelar ya nufa can za ta kai hannun, a hankali, kuma duk lokacin da ta yi shakka ta tsaya ta fito ta duba, haka muke yi ko bayan shekara 20. Ranar farko ta take jarka huɗu. Ranar ta biyar ta take ɗaya. A mako na uku ta dawo da motar da baya ita kaɗai, tana kallon madubi, har ƙarfen ya shige farantin ya ce ƙarau. Ta fito da tocila ta leƙa ta tabbatar haƙoran sun rufe, ta sa makulli, ta haɗa wayar birki, ta ɗaga ƙafafun gaba kaɗan daga ƙasa, ta koma ta riƙe birkin tirela ta ɗan ja don ta ji ko ya kama. Ya kama.

Ranar da muka miƙa makullin gidan Indianapolis ga waɗanda suka saya, ita ta fitar da mu daga unguwar. Ina kujerar gefe riƙe da flas ɗin shayi. Da muka zo kwanar farko ta buɗe sosai kamar yadda na koya mata, ina kallon madubi, tayar baya ta wuce bakin kwalbati da tazarar taku guda. Ta ce in karanta mana addu'ar tafiya, na karanta, muka hau hanyar kudu.